Daga Duma Zuwa Masaki: Yadda Ake Fara Koyon Zanen Ƙwarya

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Monday ko Kasuwar Gamboru a Maiduguri ya ga ƙore jibge a gaban masu sayar da su, ƙanana a cikin manya. Wadda ta fi kowace girma, wadda sauran suke zaune a cikinta, ita ake kira masaki. Masaki na ƙwarai sai mutum ya buɗe hannuwansa biyu kafin ya rungume shi. A cikinsa ake zuba hatsi, a cikinsa ake dama fura ko kunu idan taro ya yi yawa, kuma shi mata suke kifewa su kaɗa a lokacin biki. Wani masakin za ka gan shi fes, babu ko ɗigo a bayansa. Wani kuwa an ƙawata shi da zane tun daga baki har gindi, kuɗinsa kuma ya ɗara na ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Wannan darasi zai bayyana maka yadda mai koyo yake shiga wannan sana'a, da dalilin da ya sa ba a fara ta da masaki, ko da yake masakin ake hari.

Za ka ga na riƙa cewa "ka yi", "ka duba". Ɗaliba sai ta mai da su "ki yi", "ki duba" yayin da take karantawa. Wannan ma horo ne a kan wakilin suna. Kada kuma a ɗauka aikin na maza ne kaɗai, domin a kudancin Borno mata ne gwanayensa.

Sunaye kafin aiki

Shukar da ke haifar da ƙwarya sunanta duma. 'Ya'yan duma ba siffa ɗaya gare su ba, kuma siffar ce take ba kowane suna bayan an sarrafa shi. Zagayayye, idan aka raba shi biyu, an sami ƙwarya. Ƙaramar ƙwarya ita ce ƙoƙo, babbar kuwa masaki. Mai dogon wuya da ɗan kai, idan aka tsaga shi a tsaye, ludayi biyu ke nan. Wanda ba a raba ba, aka buɗe bakinsa kawai, shi ne gora ko buta. Manyan goruna su ne masunta suke hawa a kan ruwa, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi. Dogo kuwa yakan zama zunguru, wanda mata suke zura hannu a ciki idan sun ƙunsa lalle, ko shantu, wanda suke bugawa a cinya suna waƙa. Idan ƙwarya ta fashe, kowane ɓangare nata sakaina ne. Ka riƙe wannan kalma ta ƙarshe da kyau, za mu koma kanta.

Tun da Hausa ba harshenka na farko ba ne, ka yi hattara da baƙaƙe masu lanƙwasa. Masaki daban, masaƙi daban: na farko abin zuba hatsi ne, na biyu mutum ne mai saƙa tufafi. Haka nan ƙwarya, da ƙarya, da karya. Ƙarya ita ce kishiyar gaskiya, karya kuwa ko dai macen kare ko kuma a raba sanda biyu da ƙarfi. Wanda ya je kasuwa ya ce a sayar masa da ƙarya ya ba 'yan kasuwa abin dariya na yini guda. Fulani suna kiran ƙwarya tummude. Kai ma ka nemi sunanta a harshenku, ko Barbarci ne, ko Larabcin Shuwa, ko Bura, ko Margi, ka duba ko ku ma kuna da suna dabam na babba da na ƙarama.

Duma da kabewa

Ɗalibai sukan rikita duma da kabewa, domin dukansu yaɗo suke yi, ganyensu kuma faffaɗa ne. Furensu ne yake raba gardama. Furen kabewa rawaya ne, da safe yake buɗewa. Furen duma fari ne, sai da yamma yake buɗewa ya kwana a buɗe. Asalin duma Afirka ne, yana kuma cikin tsirrai na farko da ɗan Adam ya fara shukawa. Kabewar da muke miyar taushe da ita kuwa daga nahiyar Amurka ta zo, bayan da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin a ƙarshen ƙarni na 15.

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, kabewa ake yi wa irin adon da muke yi wa ƙwarya. Suna da wani iri mai suna Atlantic Giant, wanda wani manomi ɗan Kanada, Howard Dill, ya inganta, kuma kowace kaka ana gasar wanda tasa ta fi nauyi. A shekarar 2023 wani malamin aikin gona daga Jihar Minnesota, Travis Gienger, ya kai kabewa mai nauyin kilo 1,247 wurin gasa a Kalifoniya. Wato ta kusa kai nauyin buhun siminti ashirin da biyar. Irin waɗannan manyan kabewa masu sassaƙa sukan feƙe bayansu, su fitar da fuskoki da siffofi a cikin tsokarsu, musamman a watan Oktoba.

Kwatanta aikin nasu da namu zai taimake ka ka gane abin da ke gabanka. Mai sassaƙa kabewa yana da tsoka mai kauri da laushi. Idan ya yi kuskure, sai ya ƙara zurfi ya gyara. Amma cikin 'yan kwanaki aikin zai ruɓe a zubar. Mai zanen ƙwarya ba shi da wannan sarari. Kaurin masaki, komai girmansa, da wuya ya kai na ɗan yatsanka, kuma a kan fatarsa ta waje kawai ake aiki. Ga shi kuma ƙwarya tana shekara da shekaru, saboda haka karkataccen layin da ka ja yau, jikokin mai ita za su gan shi.

Inda masaki yake fitowa

Ba kowane duma ne yake zama masaki ba. Da farko sai iri ya kasance na babba. Manomi yakan ajiye 'ya'yan masakin da ya fi burge shi, ya kuma shuka su nesa da dumen ludayi ko na gora. Dalili shi ne ƙwarin da ke ziyartar furanni da dare suna ɗaukar garin fure daga wannan shuka zuwa waccan. Idan aka cakuɗa su a gona ɗaya, irin da aka ajiye zai iya haifar da abin da ba masaki ba, ba kuma ludayi ba.

Na biyu, lokaci. Babban duma yana bukatar wata huɗu zuwa biyar, wani lokaci ma fiye, kafin ya ƙosa. Daminar Maiduguri kuwa gajera ce: ruwa yakan kankama a watan Yuni ko Yuli, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Don haka dole a shuka da ruwan farko, a ƙasa mai taki sosai, ko kuma a wurin da za a iya ban ruwa, kamar fadamun bakin Kogin Ngadda. A ƙasa ake barin yaɗon, domin rumfa ba za ta iya ɗaukar nauyin 'ya'yan ba. Idan shuka ta zuba 'ya'ya da yawa, sai a tsinke su a bar ɗaya ko biyu, don abincin duka ya tafi gare su. Masu noman babbar kabewa a Amurka ma haka suke yi. Tun ɗan yana ƙarami ake zaunar da shi daidai a kan gindinsa, bisa yashi ko busasshiyar ciyawa. Wanda ya girma a kishingiɗe gefensa ɗaya zai baje, ba kuma wani gwani da zai iya mai da shi zagayayye daga baya. Ba a cire shi sai igiyar da ke riƙe da shi ta bushe ta yi launin ƙasa. Wanda aka cire ɗanye yakan motse ko ya ruɓe.

Daga nan sai fafewa, wato buɗe duma da fitar da abin da ke cikinsa. Ana zagaya tsakiyarsa da zare, a bi zaren da gawayi, sa'an nan a yanka a kan layin da ƙaramin zarto ko wuƙa mai kaifi. Farin abin da ke ciki, wanda 'ya'yan suke manne da shi, sunansa totuwa. Akan jiƙa ƙwaryar kwanaki har totuwar ta ruɓe ta saki, a kankare ta tas, a kuma kankare siririyar fatar da ke bayan ƙwaryar, a wanke, a shanya a inuwa. Rana mai zafi da iskar hunturu sukan tsaga ta idan ta bushe da gaggawa. Totuwar irin wannan duma ɗaci gare ta, kuma ɗacin guba ne. Kada ka ɗanɗana, kada ka zubar da ruwan inda dabbobi za su sha. Shi ya sa sabuwar ƙwarya ba a cin abinci a cikinta sai an yi ta jiƙa ta ana sake ruwa har ɗacin ya fita. Idan ka lissafa duk wannan, za ka fahimci abin da Bahaushe yake nufi da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai koyo ba sai ya yi noma ba. Ya isa ka sayi ƙwarya marar zane a kasuwa, amma ka san yadda ake zaɓe. Ka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa: lafiyayya tana amsawa da ƙara mai kaifi, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ka ɗaga ta sama ka dubi cikinta ta fuskar rana, ko za ka hangi 'yan ramukan da ƙwari suka huda. Ka matsa bakinta da babban yatsa. Idan ya lotsa, duman bai ƙosa ba, ka ajiye ta ka ɗauki wata.

Hanyoyi uku na yin zane

Bayan ƙwarya hawa biyu ne. Na waje siriri ne, mai tauri da santsi, launinsa rawaya-rawaya. Na ƙarƙashinsa ya fi fari, ya fi laushi. Duk dabarun zane a kan wannan bambanci suka dogara.

Hanya ta farko ita ce sassaƙa. Mai aiki yana kankare fatar waje a wasu wurare ya bar ta a wasu, sai zanen ya fito a tudu, farin ciki kuma ya zama fili. Sau da yawa akan shafa alli ko farar ƙasa a inda aka kankare don ya ƙara haske. Wannan ita ce hanyar da aka fi sanin masu sassaƙar ƙwarya na ƙasar Hausa da ita, galibinsu kuwa maza ne. Yarabawan garin Oyo ma sun yi suna a kanta. Hanya ta biyu ita ce tsaga siraran layuka da ƙarfe mai tsini, ba tare da wuta ba, sa'an nan a cuɗa garin gawayi da mai a shafa. Baƙin yakan shige cikin layukan, idan aka goge saman sai zanen ya bayyana kamar rubutu a allo. Hanya ta uku ita ce ƙuna, wato a sa wuƙa a garwashi ta yi ja, a riƙa ƙona layuka da ita. Matan Bura na yankin Biu, da matan Tera na Jihar Gombe, da na Ga'anda a Jihar Adamawa, suna cikin waɗanda suka shahara a adon ƙwarya a wannan yanki namu. Aikinsu ya kai har a shekarar 1986 wani gidan tarihi na jami'a a birnin Los Angeles ya buga littafi sukutum a kan ƙoren arewa maso gabashin Nijeriya, mai suna The Essential Gourd, wanda Marla Berns da Barbara Rubin Hudson suka rubuta. Abin da muke ɗauka kayan kicin ne kawai, wasu sun tsallako teku don su yi nazarinsa.

A ganina, hanya ta biyu ce ta fi dacewa da mai fara koyo. Ba ta bukatar wuta, kayan aikinta ba su da tsada, ita ce kuma take koya wa hannu sanin zurfi, wanda shi ne tushen sauran biyun. Abin da kake bukata kaɗan ne: basilla ko ƙusa da aka wasa aka sa mata ƙota, da ƙaramar wuƙa, da zare, da gawayi ko fensir, da tsumma, da ɗan man gyaɗa. Idan ka kai matakin ƙuna, sai ka je maƙera a ƙera maka wuƙaƙe biyu ko uku masu ƙotar itace, ɗaya mai baki siriri don layi, ɗaya mai faɗi don cike fili.

Yanzu mu koma kan sakaina. Ita ce allonka na farko. Masu sayar da ƙore ba sa rasa fasassu, kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za su ba ka. Ka zauna a tabarma, ka ɗora sakainar a kan gammo ko tsumma a cinyarka, ka ja layi miƙaƙƙe. Ka ja wani kusa da shi, tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka yi ta yi har ka cika sakainar. Za ka lura da abu biyu. Idan ba ka danna sosai ba, tsinin zai zame a kan santsi ya yi inda ya ga dama, kuma sau da yawa hannun da ke riƙe da sakainar yake nufa. Saboda haka kullum ka tura tsinin waje, kada yatsunka su kasance a gabansa. Idan kuma ka danna fiye da kima, zai ratsa fatar waje ya nutse cikin laushin, ya ɓantare gefen layin. Daidai shi ne ka tsaga fatar waje kawai har farin ciki ya ɗan leƙo. Ba a koyon wannan da karatu, sai hannu ya saba. Bayan miƙaƙƙen layi sai layuka masu gilma juna, sai alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, sai lanƙwasa, wadda ta fi duka wuya. Idan sakaina goma ta wuce ta hannunka, ka ɗauki ƙoƙo. Idan ka yi ƙoƙo uku ko huɗu da ba ka jin kunyar nuna su, ka ɗauki ƙwarya madaidaiciya.

Raba fili a bayan masaki

Wahalar masaki ba ta tsaya ga girmansa kaɗai ba. A kan ƙoƙo idonka yana ganin zanen duka a lokaci ɗaya. A kan masaki kuwa, idan kana aiki a wannan gefe, wancan gefen ya ɓace maka. Mai koyo yakan fara jera alwatika a bakin masaki cikin murna, ya zagayo, sai ya tarar wurin da ya rage bai isa alwatika guda ba, ko kuma ya yi mata yawa. Nan ne masu saye suke fara dubawa, wato inda zane ya haɗu da mafarinsa.

Maganin wannan zare ne. Ka kifa masakin. Ka zagaya bakinsa da zare, ka yanke daidai inda ya haɗu. Ka ninka zaren biyu, ka sa alama da gawayi a wurin ninkin. Ka sake ninkawa, ka sake, kana sa alama. Yanzu zarenka ya kasu takwas daidai wa daida. Ka mai da shi bakin masakin, ka sauke alamomin a kansa. Sa'an nan ka nemi cibiya, wato ɗan tabon da ke tsakiyar gindi. Ka ɗora zare daga wata alama, ya bi ta kan cibiya, ya sauka a alamar da ke fuskantarta a ɗaya gefen, ka bi shi da gawayi. Idan ka yi haka sau huɗu, bayan masakin ya rabu gida takwas kamar ɓangarorin lemo. Wani lokaci cibiyar ba ta zauna a tsakiya sosai ba. Idan haka ne, ka bi tsakiyar da zaren ya nuna maka, ka rufe cibiyar da wani ado daga baya.

Bayan layukan tsaye sai na kwance. Ka ɗaura gawayi a bakin zare, ka danne ɗaya bakin a tsakiya da yatsa, ka zagaya. Da'ira ta fito. Ka ƙara wa zaren tsawo ka sake zagayawa, har ka sami ɗamara uku ko huɗu. A nan akwai abin lura da ɗalibin lissafi zai ji daɗinsa. Kowane gida yana da faɗi a wajen baki, yana tsukewa yayin da yake hawa zuwa cibiya. Saboda haka siffar da ta zauna daram a ɗamarar baki ba za ta shiga ɗamarar sama da girmanta ba. Ko dai ka rage mata girma, ko ka rage yawanta, misali goma sha shida a ƙasa, takwas a tsakiya, huɗu a sama. Wanda ya zana abu a takarda ya ce zai kwafe shi yadda yake a bayan masaki zai sha mamaki, domin takarda shimfiɗaɗɗiya ce, masaki kuwa ƙundumemen abu ne mai lanƙwasa ta kowace fuska.

Tsofaffin gwanaye da yawa ba sa yin wannan awo, da ido suke raba filin, ya kuma fito daidai. Kada wannan ya ruɗe ka. Sun yi shekara talatin ko arba'in suna yi.

Ka gama zanen duka da gawayi kafin ƙarfe ya taɓa masakin, domin gawayi yana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Ka ajiye shi a ƙasa, ka ja da baya taku biyar, ka zagaya shi. Game da irin adon da za ka zaɓa, shawarata ita ce ka taƙaita: siffa biyu ko uku da aka maimaita cikin tsari sun fi goma da aka cusa. Dagin Arewa yana da kyau a tsakiyar gindi, amma layukansa suna hawa kan juna suna shiga ƙarƙashin juna, don haka ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Ka kuma bar wani fili babu komai. Baƙin zane ba ya fitowa sai da hasken da ke kewaye da shi. Kada kuma ka kai zane mai zurfi har gaɓar baki. Ka bar tazarar yatsa biyu, domin daga baki tsaga take farawa.

Idan da wuta za ka yi

Kada ɗalibi ya yi aikin ƙuna shi kaɗai, sai da babba a kusa. A fili ake yi, ba a cikin ɗaki a rufe ba, domin hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ka ajiye ruwa a kusa. Wuƙa biyu ko uku ake sawa a garwashi, ana aiki da ɗaya sauran suna ɗaukar zafi, saboda wuƙa takan huce bayan layi kaɗan. Wadda ta fito daga wuta yanzu, ka fara taɓa ta a sakaina. Idan zafinta ya yi yawa za ta ci ƙwaryar da zurfi, gefen layin ya babbake ya yi dusu-dusu. Idan ta huce, layin zai fito ja-ja maimakon baƙi, sai ka ji kana so ka danna, dannawar kuwa ita ke huda ƙwarya. Ka fara da manyan layukan da suka raba fili, sa'an nan siffofi, cike fili kuma daga ƙarshe. Kada ka gama gida ɗaya tas kafin ka taɓa sauran. Ka yi layi iri ɗaya a gidaje takwas ɗin, ka dawo ka yi na biyu. Ta haka, ko hannunka ya sauya tsakanin safe da yamma, bambancin zai bazu ko'ina, ba zai taru a gefe guda ba.

Idan an gama, a goge sauran gawayi, a shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya da tsumma. Masu son launi ja sukan yi amfani da karan dafi, wato jan rinin da ake samu daga kuben ganyen wata irin dawa, wanda dukawa ma suke rina fata da shi. Wasu kuma sukan rataye ƙwarya a inda hayaƙin murhu yake bugunta har ta yi launin zuma. Fenti da man ƙyalli na kanti sun dace da ƙwaryar da za a rataye a bango kawai. Kada a shafa su a cikin wadda za a ci abinci da ita. Idan kuma tsautsayi ya sa masaki ya tsage, ba a yar da shi. Akwai mai sana'ar ɗinke ƙwarya, sunansa gyartai, wanda yake huda gefen tsagar biyu ya ɗinke ta.

Neman malami

Kwanon sha da roba sun karɓe yawancin aikin da ƙwarya take yi a gida, masu zanen kuma suna tsufa ba tare da magada da yawa ba. Duk da haka kasuwarta ba ta mutu ba. Masu fura da nono suna nan da ita, makaɗan goge ba su da abin da zai maye gurbinta, ana kuma sayen mai zane don adon ɗaki da kyauta. Rikicin da ya addabi Borno tun shekarar 2009 ya tilasta wa jama'a masu yawa barin garuruwansu zuwa Maiduguri, kowa kuma ya zo da abin da hannunsa ya iya. Mai yiwuwa gwanar da kake nema tana unguwarku. Ka tambayi masu sayar da ƙore wa yake yi musu zane, ko ka tambayi kakarka.

Idan ka sami wurin, ka je da izinin iyayenka, ka kuma san yadda za ka yi magana. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce, "Sannu da aiki, Inna," idan mace ce, ko "Sannu da aiki, Baba," idan namiji ne. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Inna, ni ɗalibi ne. Ina so in ga yadda kuke wannan aiki, idan ba zan takura muku ba." Ka lura da "kuke" da "muku": jam'i ne, amma mutum ɗaya ake nufi, don girmamawa. Kada ka ɗauki wuƙarta ba ta ba ka ba, kada kuma ka ɗauki hoto ba ka tambaya ba. Idan ta aike ka ɗebo gawayi ko hura wuta, ka tashi da sauri, domin ta nan koyo yake farawa. Ka je da littafinka ka rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane ado, da Hausa da kuma harshenta. Yayin da take zane, ka ɗauke idonka daga wuƙar na ɗan lokaci ka dubi ɗaya hannun. Za ka ga hannun da ke riƙe da wuƙa bai cika motsi ba, ɗayan ne yake juya ƙwaryar a hankali yana kawo ta bakin wuƙar. Idan ka koma gida, ka gwada haka a kan sakainarka.